Lattice: Saƙar Gicciye Daga Tagar Katako Zuwa Turken Lantarki da Ƙwayar Gishiri

Kafinta da injiniyan gada da malamin kimiyya da masanin tsaron kwamfuta duk suna amfani da kalmar Turancin nan lattice, amma kowa da abin da yake nufi. Asalinta aikin hannu ne. Ta shiga Turanci daga tsohon Faransanci wajen ƙarni na 14, tushenta kuwa latte, wato siririn katako irin wanda ake jerawa a ƙarƙashin rufi. In aka ɗebi irin waɗannan katakai aka gicciya su, wasu a kan wasu, aka bar ƙofofi a tsakani, to an sami lattice. A zamanin da gilashi ke da tsada a Ingila, da ita ake rufe taga, har ta kai a ƙarni na 16 taga mai jan gicciye ta zama alamar gidan giya. Daga taga kalmar ta tafi shingen lambu, ta hau gada da hasumiya, ta shiga cikin gishiri da ƙarfe, yau ga ta a cikin wayar hannu. A nan za mu kira ta saƙar gicciye.

Duk inda ta je, abu uku ne ke yanke hukunci: yadda aka haɗa mahaɗa, kusurwar da sanduna suka yi, da tazarar da aka bari. Kaurin sandar kansa yana biye ne. Yawancin ɓarnar da ake gani a wannan aiki daga juya wannan lissafi take fitowa, mutum ya sayi ƙarfe mai kauri ya yi sakaci da mahaɗa.

Mu fara da taga, tunda nan ne gidanta. Duk wanda ya zaga tsohon garin Jidda ya ga tagogin katako da suka turo kai daga bango, waɗanda mutanen can ke kira rawashin. A Alƙahira sunansu mashrabiya, daga kalmar Larabci ta sha, domin a nan ake ajiye tulunan ruwa iska ta busa su su yi sanyi. Gidan Suhaimi da aka fara ginawa a 1648 yana cike da su. A Indiya kuma da dutse ake huda ta, ana ce mata jali, kamar ta masallacin Sidi Sayyid a Ahmadabad, ko Hawa Mahal na Jaifur da aka gina a 1799 mai ƙananan tagogi 953. Asabarin da ake ratayawa a bakin ɗaki a ƙasar Hausa aiki ɗaya yake yi da su: iska ta wuce, rana ta tsaya, na ciki ya ga na waje, na waje bai ga na ciki ba.

Wannan sirri na gani ba daga katakon yake ba, daga bambancin haske yake. Da rana waje ya fi ciki haske, sai idon mai wucewa ya tsaya a kan katakon da rana ta haska, ramukan su zame masa baƙi. Da dare in aka kunna fitila a ɗaki, al'amarin juyewa yake yi sarai, na waje ya ga komai. Wanda ya dogara da saƙar gicciye don sutura dole ya haɗa da labule. Masu yin mashrabiya sukan matse tazara a daidai tsayin ido, su buɗe ta daga sama, inda ba mai leƙe kuma nan ne iska mai zafi ke fita. Guntayen katakon a mulmule ake sassaƙa su, ba masu kaifin gefe ba, don haske ya bi jikinsu a hankali kada ya kashe ido. Abin da ya fi burgewa shi ne ba gam ba ƙusa: kowane guntu yana da ɗan kai da ke shiga ramin na kusa da shi. Katako yana kumbura da laima, yana tsukewa da fari, sakin da aka bari shi ke ba shi wurin motsi. In aka ɗaure shi tamau da gam, rani ɗaya ya isa ya tsage.

Sanyin tulu kuma yana da sharaɗi. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tulu shi ke tashi ya kwashe zafi, wannan kuwa sai iska ta bushe. A Agadas ko a Kano lokacin bazara abin yana aiki sosai, da damina ta kankama sai ya ja baya. Saƙar ba ta tare ƙurar hunturu, ba ta kuma tare sauro. Sauro sai ragar da ke da ramuka kimanin 25 a kowace murabba'in santimita, kuma ita ma tana rage iska, don haka tagar da za a sa wa duka biyun a faɗaɗa ta tun wajen gini. In da ƙarfe aka yi saƙar, kada tazarar ta kai santimita 10 a gidan da ke da yara, don kan yaro na iya shiga ya maƙale. Sannan a kowane ɗakin kwana a bar taga ɗaya wadda ƙarfenta ke buɗewa daga ciki. Ƙarfen da ya hana ɓarawo shiga shi ne zai hana mai gida fita ranar gobara, wannan kuwa ba abin da za a yi ciniki a kansa ba ne.

Akwai wata ɗabi'a ta saƙar gicciye da duk sauran bayanin ke rataye a kanta. A haɗa sanduna huɗu su yi murabba'i, ƙusa ɗaya a kowace kusurwa, a tura ta gefe: za ta kwanta ba tare da ko sanda ɗaya ta karye ba. A haɗa uku su yi alwatika, a tura: ba za ta motsa ba sai wata sanda ta miƙe, ko ta lanƙwashe, ko ƙusa ta fita. Makiyayan Mongoliya sun mayar da wannan rauni amfani, bangon tantinsu saƙar katako ce da aka ɗaure da tsirkiyar fata, ana naɗe ta ranar ƙaura a buɗe ta a sabon mashekari. Amma mai shingen lambu da ke son abinsa ya tsaya dole ya kewaye saƙar da firam mai ƙarfi, domin a bakin firam ɗin ne alwatika ke samuwa. A ɗaga katakon daga ƙasa saboda gara da laima, a yi amfani da ƙusa mai rufin tutiya, a kuma tuna cewa ranar da tsiro ya hau ya rufe ramukan, shingen ya zama bango a wurin iska.

Masanin kimiyya James Clerk Maxwell ya mayar da wannan lissafi a 1864. A shimfiɗaɗɗen tsari, in ana da mahaɗa kaza, sandunan da ake bukata aƙalla su ne ninkin mahaɗan sau biyu a cire uku. Alwatika: mahaɗa 3, sanduna 3, ta cika. Murabba'i: mahaɗa 4, tana bukatar sanduna 5, amma 4 gare ta. Ta biyar ɗin ita ce sandar da ke ratsawa daga kusurwa zuwa kusurwa. Sai dai cikar adadi kaɗai ba ta isa ba. In aka tara sandunan a gefe ɗaya aka bar wani gurbi fayau, lissafi ya cika amma ginin zai kwanta ta wannan gurbin.

Wani magini ɗan Amurka, Ithiel Town, ya yi rajistar gadar saƙar gicciye a 1820. Hikimarta ita ce ba ta bukatar manyan gumagumai ko gwanin sassaƙa: faifan katako ne na gama-gari, a gicciya su, a huda mahaɗa, a buga turakun itace. Gadar da ta haɗa garuruwan Cornish da Windsor a Amurka, wadda aka gina a 1866, tana nan tsaye a kan wannan tsari. Da ƙarfe ya yi araha sai aka miƙa saƙar sama. Hasumiyar Eiffel ta birnin Faris, da aka kammala a 1889, guntayen ƙarfe 18,038 ne da ƙusoshi miliyan biyu da rabi, tsayinta a lokacin mita 300. Nauyin ƙarfenta kimanin tan 7,300 ne, wanda in aka narkar aka zuba a filin da ƙafafunta suka kewaye, mita 125 kowane gefe, kaurinsa ba zai wuce santimita 6 da 'yan kai ba. Kusan dukkan hasumiyar sarari ne, iska ta ratsa ta wuce, ita kuwa iska ce babbar abokiyar gabar dogon gini, domin in gudunta ya ninka biyu ƙarfin turinta ninkawa huɗu yake yi.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu kai tsaye. Turakun da ke ɗauke da manyan layukan lantarki masu kilobolt 330 da 132, irin wanda ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, da dogayen ƙarafan sadarwa, da ƙafar tankin ruwa a bayan gida, duk dangi ɗaya ne. Ƙafafun turke danna su ake yi, siririn ƙarfe kuwa in aka danna shi ba murƙushewa yake yi ba, fita yake gefe ya lanƙwashe. Masanin lissafi Leonhard Euler ya nuna tun 1744 cewa nauyin da sanda za ta ɗauka kafin ta lanƙwashe yana ƙaruwa sosai in aka rage tsawonta: a raba tsawon gida biyu, ta ɗauki ninki huɗu. Aikin ƙananan ƙarafan da ke gicciye a jikin turke ke nan. Wasunsu kusan ba su ɗauke da nauyin komai, suna nan ne kawai don su riƙe ƙafar a tsakiya, su mayar da doguwar sanda gajeru da yawa.

Saboda haka ne satar ƙarfen turke ke da muni fiye da yadda ido ke gani. Mai kwance ƙarfe biyu ko uku daga ƙasa yana ganin turken ya ci gaba da tsayuwa, sai ya ɗauka bai yi komai ba. Alhali ya ninka tsawon ƙafar da ba ta da mariƙi, ƙarfinta ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Turken zai tsaya duk rani, sai iskar farkon damina ta kayar da shi, in ya faɗi kuma wayoyin su fizgi na kusa da shi. A watan Oktoba na 2024, lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna na cikin abin da ya jefa jihohin Arewa da dama cikin duhu na kwanaki. Shi ya sa ake yi wa notinan ƙasan turke walda ko a sa irin waɗanda ba sa kwantuwa. Injiniyoyi sukan auna sirantar kowane ƙarfe da wani ma'auni da ke gwada tsawonsa da faɗin jikinsa: ƙafa ba a barinta ta wuce 120 zuwa 150, gicciye mai ɗaukar nauyi 200, mai riƙo kawai 250.

Ƙafar tanki ita ce ta fi yawan zuwa hannun mai walda, ita ce kuma aka fi yi wa ganganci. Lita 1,000 ta ruwa tan ɗaya ce. Tanki mai lita 2,000 tan biyu ne a sama, rabin tan a kan kowace ƙafa, wannan ma in ƙasa ta daidaita kuma ba iska. Kuskure mafi yawa shi ne a ɗaura ƙarafa a kwance, hawa-hawa, a bar na karkace don tsimi. Na kwance kaɗai murabba'i suke yi, dukkan ƙafafun huɗu sai su karkata tare. Dole kowane hawa ya sami na karkace, a dukkan fuskoki huɗu, a kusurwar da ke tsakanin digiri 30 da 60, in so samu ne kusa da 45. In siririn rodi ne za a sa, to a gicciya biyu, domin rodi ja kawai yake iyawa, in iska ta juyo ɗayan ne zai karɓa. Ƙafa mai tsawon mita 6 da aka raba hawa huɗu na mita ɗaya da rabi, a lissafin Euler ta ƙara ƙarfi ninki 16, har zuwa iyakar abin da jikin ƙarfen kansa zai jure.

Sai mahaɗa. Ƙarafan da suka taru a wuri ɗaya, tsakiyarsu ta nufi ɗigo ɗaya. In na karkace ya sauka tafin hannu guda nesa da mahaɗa, ya daina tallafa wa ƙafar, ya koma lanƙwasa ta. Ɗigon walda biyu ba walda ba ce, a zagaye mahaɗar, in wuri ya yi kaɗan a sa faranti. Kowace ƙafa ta zauna a kan farantin ƙarfe da aka ɗaure a kankare, domin ranar da tanki ya zama wayam iska ɗaga shi take yi, ƙafafun da ke ɓangaren iskar tumɓukewa suke so su yi. In bututu aka yi amfani da shi, a toshe bakinsa, in ba haka ba ruwa zai taru a ciki tsatsa ta ci daga inda fenti ba ya kaiwa. Manyan turaku ana tsoma ƙarfensu cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kimanin digiri 450, ta bar rufi na kusan maikiron 85, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milimita, a kan ƙarfe mai kauri. Walda tana ƙone wannan rufi, hayaƙinta kuma yana sa zazzaɓi, shi ya sa da noti ake haɗa su. Allon talla ko faifan sola da aka liƙa wa ƙafar tanki daga baya ya toshe hanyar iska, lissafin farko ya tashi. Tankin da ya wuce na gida guda, ko wanda zai tsaya kusa da ɗakin kwana ko makaranta, aikin injiniya ne, ba na ƙiyasin ido ba.

Ma'anar kimiyya ta zo ne a ƙarni na 19, lokacin da masana suka yi zargin cewa daskararrun abubuwa irin gishiri suna da tsari a ciki wanda ke maimaita kansa. Auguste Bravais ya nuna a 1848 cewa hanyoyi 14 ne kacal ake iya jera ɗigo a sarari ta yadda kowane ɗigo zai ga makwabtansa daidai da yadda kowane ɗigo ke gani. A nan babu sanda ko ɗaya, mahaɗan kawai suka rage. Hujjar ido ta zo a 1912, da Max von Laue da abokan aikinsa suka harba hasken eksire a jikin kiristal, wato daskararren abu irin ƙwayar gishiri, suka ga ya watsu a tsare, sannan a 1913 William Bragg da ɗansa Lawrence suka warware tsarin gishiri. Kowace ƙwayar sodiyam tana da ƙwayoyin kulorin shida kewaye da ita, haka ita ma kulorin, a cikin akwati mai fuska shida daidai wa daida, faɗinsa nanomita 0.564, nanomita kuwa kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita. Wannan ne ya sa tsabtataccen gishiri ke fashewa da kusurwa a miƙe. Lu'ulu'u, wato daimon, da girafit ɗin da ke cikin bakin fensir duk kabon ne zalla. A lu'ulu'u kowace ƙwaya ta kama huɗu ta ko'ina, a bakin fensir kuwa falle-falle ne, ƙwayoyin cikin falle suna da tazarar nanomita 0.142, tsakanin falle da falle 0.335, sai fallen ya riƙa zamewa ya bar baƙi a takarda.

Maƙera suna sarrafa wannan tsari kullum a bakin wuta. Ƙarfe zalla in yana da sanyi, ƙwayoyinsa suna kusurwoyin akwati da ɗaya a tsakiya. Ya kai digiri 912 sai su sake jeri, su koma kusurwoyi da tsakiyar kowace fuska. In da kabon a ciki, sauyin yana farawa tun digiri 727. Jerin sanyi ba ya karɓar kabon fiye da kashi 0.02 cikin ɗari, na zafi kuwa yana karɓar har kusan kashi 2. In aka gasa ƙarfe ya yi ja aka tsoma shi farat ɗaya, kabon ba ya samun lokacin fita, sai ya maƙale ya karkatar da jerin, ƙarfen ya yi tauri ƙwarai amma da saurin karyewa. Wannan ya bayyana abubuwa da yawa. Sifirin mota yana da kabon kimanin kashi 0.6, shi ya sa yake yin adda da gatari, ƙarfen angul kuwa kabon ɗinsa ya yi kaɗan, ko an tsoma shi ba zai riƙe kaifi ba. Sifirin ya fi son mai, ruwa kan tsaga shi saboda sanyin ya yi sauri. Bayan tsomawa dole a sake ɗumama shi, wajen digiri 200 in wuƙa ce, lokacin da goggen ƙarfen ya yi launin busasshiyar ciyawa, ko wajen 300 in ya yi shuɗi ga abin da ake so ya yi tsalle. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a digiri 770, alama ce mai kyau ta cewa lokacin tsomawa ya kusa. Haka nan mai waldar da ke watsa wa mahaɗa ruwa don ta huce da wuri, tsoma ta yake yi bai sani ba, in rodin mai kabon ne ya bar wuri mai saurin tsagewa a daidai inda nauyi ke taruwa.

Ba kowane gurbi a jeri ne aibi ba. Faifan sola silikon ne da aka sa wa ɗan boron a wani sashe da ɗan fosforos a wani, baƙin ƙwayoyin suka zauna a gurbin na asali, daga nan wutar ke samuwa.

A lissafi kalmar ta rabu biyu. Ɗaya tsarin fifiko ne wanda Richard Dedekind ya fara nazari a ƙarshen ƙarni na 19: lambobin da ke raba 12, wato 1, 2, 3, 4, 6 da 12, kowane biyu suna da inda suke haɗuwa a ƙasa da inda suke haɗuwa a sama, 4 da 6 sun haɗu a 2 da kuma 12. In aka zana layukan sai su yi kama da tagar gicciye. Ɗayar kuwa jerin ɗigo ce irin ta Bravais, kamar gonar mangwaro da aka dasa a layi: a tsaya ko'ina a ce wace bishiya ce ta fi kusa, ido zai faɗa. Amma in jerin ya tashi daga tsawo da faɗi ya koma ɓangarori ɗaruruwa, kuma aka ba mutum karkatattun matakai dogaye a maimakon gajeru, nemo ɗigo mafi kusa ya gagari duk wata dabara da aka sani. Mai gajerun matakan kuwa nan take zai samu. Makulli ke nan da mabuɗinsa.

Dalilin da ya sa ake rububinta yau shi ne Peter Shor ya nuna a 1994 cewa kwamfutar kwantam, wata sabuwar irin kwamfuta da ake ƙoƙarin ƙerawa, in ta girma, za ta karya makullan da bankuna da manhajojin saƙo ke dogara da su. Aikin Miklós Ajtai na 1996 da na Oded Regev na 2005 su suka share hanyar gina makulli a kan jerin ɗigo, sannan a watan Agusta na 2024 hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta fitar da ƙa'idojin ML-KEM na musayar mabuɗi da ML-DSA na sa hannu. Manhajar saƙo ta Signal ta fara amfani da irin wannan tsari a 2023, iMessage na Apple a 2024. Kuɗin da ake biya girma ne: mabuɗin ML-KEM na matsakaicin mataki bayit 1,184 ne, alhali wanda aka saba da shi 32 ne, abin da ke da tasiri a layin intanet mai rauni da ƙananan na'urori. Har yanzu kuma ba wanda ya kawo hujjar lissafi cewa matsalar ba za ta taɓa warwaruwa ba, shi ya sa masu ɗora shi suke haɗa sabon makullin da tsohon, mai son shiga sai ya karya duka biyun.